Ƙwaryar da Baba Ke Ɗagawa Sama

Zuwa ga Kakana Malam Jumare, Kontagora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Kaka, ina cikin damuwa. A binciken digirina ana raba addinai gida biyu: masu bauta wa Ubangiji ɗaya, da masu bauta wa abubuwa da yawa. Wani tsohon littafi ya sa mutanen ƙauyenku a gida na biyu, wai dutse suke bauta wa. Na rubuta cewa ba haka ka gaya mini ba. Malamina, Dakta Nasrullahi, ya ce in kawo shaida kafin ƙarshen wata, ko in maimaita shekara.

Jikarka, Zulaihatu.

Zuwa ga amaryata Zulaihatu.

Wa alaikumus salam. Share hawayenki. Na hau babur har Rijau wurin yayata Rebeka, wadda rabona da ita shekara tara, tun da muka yi musu kan coci da masallaci. Na ce, "Yaya, Babanmu dutse yake roƙo?" Ta ce, "Kai, tsufa ya taɓa maka kai? Ba a tsakar gida yake fara ɗaga ƙwaryar ruwa sama ba, ya kira Mai Sama? Ragowar ruwan ce yake kai wa dutsen, don tunawa da kakanni." Baƙo kuwa ba ya shiga tsakar gida. Mai littafinku daga bakin hanya ya hangi dutsen. Mun zagaya tsofaffi biyar, duk bakinsu ɗaya. Na rubuta da rubutuna na yaƙi da jahilci, suka dangwala yatsa. Ga takardun nan.

Angonki, Jumare.

Kaka,

Barka da gida. Na ci! Malamai sun yi awa biyu suna gardama, sannan Dakta ya ce kafin a sa mutane a wani gida, a fara jin bakinsu. Sunanka na shafi na tamanin da huɗu na littafin bincikena, cikin jerin masana.

Zulaihatu.

Zulaihatu,

Alhamdu lillahi! Ni da na koyi baƙaƙe ina da shekara arba'in, yau ni ne masani! Na gaya wa duk majalisarmu, har sau biyu. Turo littafin. Rebeka na gidana, ta ce ba za ta koma Rijau ba sai na karanta mata babin Baba. Kin san karatuna a hankali nake yi. Wannan karon zan ƙara rage sauri.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki, Jumare.