Dutsen da Sanusi Zai Auna a Gonarmu

Zuwa ga Hajiya Asabe, Allah Ya kai haske makwancinki.

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau Laraba. Gwiwa ta hana ni zuwa masallaci, tarin nan ma yana nan, amma alhamdulillahi.

Autanki Sanusi ya kira ni makon jiya. Rabona da shi tun sadakar arba'in ɗinki. Ya ce zai zo da abokan aikinsa su kafa madubin hangen taurari a gonarmu ta hanyar Kajiji.

Wai akwai wani dutse da ke kewaya rana tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari, cikin dubban irinsa. Wani Bature ne ya gano shi a hoto tun ba a haife ni ba, ɗan ɗigo ne da ya gusa alhali taurari na tsaye. Baƙi ne kamar gawayi, kuma sai ya yi shekara huɗu da wani abu kafin ya gama zagaye ɗaya. Yau bayan isha'i zai gifta gaban wani tauraro, tauraron ya ɗauke na ɗan lokaci, da haka za su san faɗinsa. Inuwar dutsen, in ji Sanusi, ta kan garinmu Shagari za ta bi.

Hajiya, a makarantarmu duniyoyi tara aka koya mana, ban tuna an ambaci duwatsu ba. Kuma duk faɗin ƙasar nan, sai gonar da masu albasa daga Bodinga suka daɗe suna zawarci? Ya tambaye ni ko mota za ta shiga, ko akwai itatuwa ta gabas. Tambayar mai saye ke nan.

Kin sha ce mini, "Malam, kai ko ruwan randarka sai ka shinshina." To na shinshina. Na sa maƙwabci ya kafa sababbin turaku a kan iyaka. Duk da haka na sa an share ɗakinki, an dama fura.

Da la'asar Sanusi ya turo saƙo. Sun sake lissafi, inuwar ta karkata kudu, a Tambuwal za su kafa. Ashe gaskiya yaron ya faɗa. Da gonar yake so, da yanzu yana zaune kan tabarmar nan ina yi masa faɗa. Wallahi da na bar masa rabi.

Allah Ya gafarta miki, Ya yaye wa Sanusi gajimare ya ga abin da ya je gani, Ya sada mu a Aljanna.

Mijinki,
Malam Garba

Titin Tambuwal ta bakin garinmu ya bi. Na dogara sanda na zauna gefensa har aka kira magariba. Sanusi bai tsaya ba.