Katin Shagona Ne Ya Cika wa Ƴata Layi

Salamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni. Ban saba neman shawara ba, wurina ake zuwa nema, amma wannan karon ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ni mai walda ne. Da injin haya na fara a bakin titi, yau ina da ma'aikata goma sha huɗu, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Aji uku na sakandare na tsaya, amma da tartsatsin wutar nan na karantar da babbar ƴata har ta zama likita. Tana ƙaramin asibitin unguwa, inda ake raba marasa lafiya, kowane likita da jerin mutanensa. Ta taɓa ce min nata sun haura dubu biyu, don likitoci biyu suka rage tun da na ukunsu ya tafi. Na ce ai albarka ce, mai sana'a da yawan jama'a ake gane shi.

Ga inda na yi ɓarna. Duk wanda ya yi min kukan ciwo, maƙwabci ne ko direban da ya kawo ƙarfe, sai in zaro katin shagona in rubuta a baya: "A duba shi, nawa ne." Mai rajista ta san rubutuna, sai ta ƙara sunan a jerin ƴata. Shekara uku ina haka. Sau ɗaya ta ce Baba a rage, na ce ƴar mai walda ba ta tsoron zafi. Ta yi dariya, ba ta sake tada maganar ba.

Watan jiya, wata tsohuwa mai ciwon suga da ta daɗe tana dubawa, sakamakon gwajin ƙodarta ya kwana goma sha tara a kan teburin ƴata, ƙarƙashin tarin fayil, ba ta kai kansa ba. Yanzu matar tana wankin ƙoda. Ba wanda ya kai ƙara. Ɗan matar ma cewa ya yi, likita ba komai, muna ganin yadda kike fama. Wannan maganar ce ta karya ta.

Ta rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakarta, ƙarshen wata za ta miƙa. Ba ta zarge ni ba, Anti, da ma ta yi. Tana gaishe ni kamar kullum, amma ba ta kallon idona. Uwarta ta ce kai ka gina, kai ka rushe. Idan ta bar aikin nan, me na tsinana a duniya? In umarce ta ta zauna, ko in zuba ido?

Uban Likita

Wa alaikumus salam, Uban Likita.

Kada ka umarce ta. Biyayyar da ta yi maka ce ta hana ta maimaita "a rage".

Ba kai kaɗai ka ɗora mata kayan ba. Aikin mutum uku a kan mutum biyu, ko babu katinka teburin zai cika, kuma taimako ka yi niyya. Sai dai suna ɗaya a jerin likita ba gani ɗaya ba ne: gwaji ne, da sabunta magani, da bibiya, shekara da shekaru. Kai ka fi ni sanin cewa mai walda ɗaya in ya karɓi ƙofa hamsin a mako, wata za ta fita da haɗin da bai kama ba.

Gobe ka je wurin mai rajista da ƙafarka, ka ce katinka ya daina aiki. Mutanenka kuma ka faɗa musu da bakinka, kada ka bar ƴarka da kunyar korarsu. Sannan ka zauna da ita ka ba ta haƙuri, ba tare da ka ambaci wahalar karatunta ba. Ka roƙe ta abu ɗaya: ta nemi hutu kafin ta miƙa takardar, ta kuma nemi shugabanninta su rufe jerinta, su ware mata lokacin duba sakamako kullum, su kawo likita na uku.

Tana iya yin duk wannan ta kuma tafi. Idan ta tafi, ka tare ta da fuskar da ka tare ta da ita ranar da ta gama karatu. Allah Ya ba tsohuwar lafiya, Ya sanyaya zuciyar ƴarka, da taka.