Takardar da Na Ɗinke a Bakin Hijabin Jikata

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi, manya da yara. Ni tsohuwa ce a Gyaɗi-Gyaɗi, ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Murya na ɗauka a waya na turo wa mai shafin, na roƙe ta ta mayar da ita rubutu, ta ɓoye ni, kuma ta yi alkawarin karanto mini abin da kuka ce. Don Allah kafin ku yanke mini hukunci ku ji ni har ƙarshe. Na riga na yanke wa kaina wanda ya fi naku zafi.

Ina da jika, 'yar babban ɗana. A hannuna ta tashi tun daga yaye. Tun tana ƙarama idan na ce ƙafata na ciwo sai ta ɗauko murfin kwalba ta ɗora mini a ƙirji ta ce in yi numfashi, shi ya sa na laƙaba mata Likita, har sunan ya bi ta unguwa. Da ta gama sakandare ba ta samu gurbin likitanci ba, sai aka ce ta fara shiga wata kwaleji ta karanci ilimin jikin ɗan Adam, in ta fito da sakamako mai kyau ta nemi likitancin daga can. Ta shiga. Kullum tare suke hawa adaidaita sahu da Rahila, 'yar maƙwabtanmu mutanen kudancin Kaduna, wadda suka tashi kamar 'yan ciki ɗaya, suna aron hijabi da ɗankwali, suna cin tuwona a kwano ɗaya.

Ana nan ana nan, a shekara ta biyu aka zo wata jarrabawa da ta hana yarinyar nan cin abinci. Ta rame, idonta ya faɗa. Ni kuwa me na sani? Abin da uwata ta yi mini shi na sani. Na tafi wurin wani tsohon malami can wajen Unguwa Uku. Ya ce in kawo masa takarda daga cikin littafin da take karantawa, don addu'ar ta sauka a kan karatun kansa. Na bari ta shiga wanka, na buɗe littafin rubutunta da na ga ba ta rabuwa da shi, na yago shafi ɗaya. Na ma zaɓi wanda ya fi cika da rubutu da zanen ƙasusuwa, wai ni a hankalina shi ya fi albarka. Malam ya juya bayan takardar ya yi rubutunsa, ya raba ta biyu. Ya ce rabi a jikinta, rabi a ɗakina. Na naɗe nata ƙanƙane, na farke bakin farin hijabinta na makaranta, na tura, na ɗinke da ɗinkin da ko tela ba zai gane ba. Ban faɗa mata ba, saboda ubanta ya taɓa tattara layun gidan nan ya ƙone a tsakar gida, ya ce mini cikin ladabi in har yana da ƙima a idona kada in sake.

Ranar jarrabawa matar da ke laluben ɗalibai ta ji abu a bakin hijabi. Aka farke a gaban jama'a. Takarda ce da rubutun hannun jikata, a kan darasin da za a yi jarrabawarsa a ranar. Wa zai yarda da ita? Ta rantse, ta yi kuka, ta ce ba ta san da ita ba. 'Yan kwamiti suka ce rubutun Larabcin da ke baya dabara ce kawai, sun saba gani. Suka dakatar da ita zango guda, suka rubuta a fayil ɗinta cewa an kama ta da satar amsa.

Da yammacin ranar ɗana ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, kamar yadda yake yi tun yana yaro. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Inna, an ce akwai rubutun malamai a bayan takardar. Ko kin san wani abu?"

Na ce, "Ni ina na ga takarda? Karatu na iya?"

Shi ke nan. Maganar da na yi ke nan, kuma ita ce take cina yau shekara uku. Ban yi ƙarya a kan karatu ba, amma Allah ya san abin da na nufa. Ya ce in yafe masa da ya tambaya. Ku ji fa, shi ne yake neman gafarata.

Da aka rasa wanda ya yi, sai zargi ya faɗa kan Rahila, don ita ce ta ari hijabin ana saura kwana biyu za ta raka Likita wata walima. Ba wanda ya fito ya ce ita ce, amma jikata ta daina yi mata magana. Uwar Rahila ta zo har ɗakina ta ce ita dai ta san abin da ta haifa, in taimaka in sasanta yaran. Na ce a bar wa Allah. Ina kallonta ta fita tana share ido da bakin zane. Bara suka tashi suka koma Hotoro, ko sallama ba a yi mai daɗi ba.

Kwanci tashi, Likita ta koma, ta gama, kuma an ce sakamakonta yana cikin na gaba-gaba. Na ce to, Allah ya rufa asiri, magana ta wuce. Ashe ba ta wuce ba, tana kwance a fayil tana jira. Yanzu da ta nemi likitanci, sai makarantar ta ce a kawo takardar shaidar hali daga tsohuwar kwalejinta, kuma a cikin fom akwai tambaya, ko an taɓa hukunta ka. Wani babba a ofishin kwalejin ya faɗa wa ubanta gaskiya, ya ce masu nema sun yi yawa, gurbi kaɗan ne, kuma mai tabon satar amsa shi ake fara ajiyewa gefe, don ba a son ba da ran mutane a hannun wanda ake shakkar amanarsa. Amma ya ce in akwai sabuwar hujja, ko wani ya fito ya ba da shaida, kwamiti yana iya sake zama. Bai yi alkawarin za a goge ba. Ya ce dai a kawo kafin su aika takardar, ranar Litinin mai zuwa.

Malamin ya rasu. Saura ni. Kuma ɗaya rabin takardar yana nan a ƙasan tsohuwar kwallata, cikin ƙyallen da nake ɗaure turare. Nasu rabin an ce yana liƙe a fayil. In aka haɗa bakin yagar, na san za su hau juna.

Tun da na ji maganar nan ban zauna wuri ɗaya ba. In fita tsakar gida, in dawo, in buɗe kwalla, in rufe. In na faɗa, da wane ido zan kalli ɗan da ya nemi gafarata? Yarinyar da ta sha kunya a gaban ajinsu, ta dawo ta kwanta a cinyata ina shafa mata kai ina cewa Allah ya saka mata, me za ta kira ni? In tafi Hotoro in ce wa uwar Rahila me? Kuma in na tona kaina, kwamiti suka ce tsohuwa ce aka kitsa wa magana don ta ceci jikarta fa? Na rasa ta, ita ma ba ta samu ba. In kuma na yi shiru, na san da hannuna na farke, da hannuna na ɗinke.

Jiya da hantsi Likita ta shigo da fom ɗin. Ta ce ita ba za ta yi ƙarya ba, ta rubuta e, an taɓa hukunta ta. Ta nuna mini wasu layuka uku a ƙasa, ta ce nan ne wurin bayani. Ta ce, "Kaka, layi uku kacal, amma na rasa abin rubutawa. Har yau ban san wanda ya yi mini ba." Sannan ta yi dariya ta miƙo mini sabon hijabi, wanda za ta sa in an kira ta ganawa, ta ce ya yi mata tsawo. "Tsohuwa, ki kama mini bakinsa, ɗinkinki ya fi na tela."

Hijabin yana kan cinyata yanzu da nake muku magana. Na zura zare tun jiya, ban soka allura ko sau ɗaya ba. Yau Alhamis.

Jama'a, wa zan fara tara, uban ko 'yar? Ko in ɗauki rabin takardata in hau adaidaita in tafi kwalejin ni kaɗai, su ji daga bakin wasu? Me zan yi?