Ƙanwata ce ta kai ƙarata wurin manaja saboda ɗan yaji

Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan ta inbox, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan group, Allah ya sa kuna lafiya. Admin ki rufa min asiri kar sunana ya fita, don in dai Hausawa ne Makka ƙarama ce, kowa ya san gidan kowa. Don Allah ku ba ni shawara, tun ranar Asabar nake cikin baƙin ciki, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gida.

Ni haifaffiyar nan Makka ce, a unguwar Rusaifa muke, kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga Kano ya yi zamansa. Mu biyu ne wurin Umma, ni da Autarmu, Baba ya daɗe da rasuwa. Shekara uku ke nan ina aiki a wani gidan abincin Koriya, sunan ne dai na Koriya, mai girkin ɗan Indonesiya ne, manajan kuma mutumin Jidda. Ga wanda bai taɓa shiga ba, kowane tebur akwai murhun gashi a tsakiyarsa, ɗanyen nama ake kawowa, ni zan tsaya a kanku in gasa, in yanka da almakashi, in fara zuba wa babban da ke wurin. Tsayuwar awa takwas ce, hayaƙi ya shiga ido ya kama abaya, amma wallahi ban taɓa jin kunyar aikina ba, da shi muke ci a gidanmu. Da niƙabi nake aiki, ido kawai ake gani.

Bara aka yi auren Auta, ta shiga wani gida a Aziziyya, Hausawa ne su ma amma masu hali, gidajen saukar alhazai suke da su. Bayan biki ne Umma ta yi suɓul da baka na ji ashe Auta ta ce wa dangin mijinta a ofis nake aiki, wai a wani kamfani. Abin ya sosa min rai ba kaɗan ba, amma na haɗiye, na ce yarinya ce, sabon gida ne, tana neman wurin tsayawa. Surukarta Hajiya sau biyu kawai ta taɓa ganina, shi ma cikin hayaniyar biki.

To ranar Asabar ba ranar aikina ba ce, wata abokiyar aikina ce ɗanta ba lafiya na karɓar mata. Bayan azahar sai ga su sun shigo su biyar, Auta da mijinta da Hajiya da ƙannen mijin guda biyu, masu kallon finafinan Koriya, da gani su suka ja kowa zuwa wurin. Kuma cikin duk teburan gidan sai aka zaunar da su a nawa. Ina ajiye farantin nama Auta ta kalli hannuna, ta ɗago ta kalli idona, sai ta sunkuyar da kai kan waya kamar an aiko mata saƙon gaggawa. Na gane. Na ce to shi ke nan, yau ba ni da ƙanwa, ina da kwastoma, na yi musu maraba da Larabci na kama aikina.

Hajiya kuwa tun daga almakashin ta fara, ta ce da Hausa yau ga tela a kan abinci. Ta ɗanɗana naman ta yamutsa fuska, ta ce nama da sukari, wannan ai alewa ce. Kabejin nan nasu mai tsami kuwa cewa ta yi ya lalace a mayar musu da abinsu. 'Ya'yanta suna ta dariya suna ɗaukar ta a waya, ita kuma baiwar Allah ta ture farantin ta koma cin farar shinkafa gaya. Ni fa ba a haka aka raine ni ba, tsohuwa ta zauna a gabana da yunwa ina kallo, balle surukar ƙanwata. Na je kicin na karɓo naman da ba a jiƙa da komai ba, na gasa mata shi ya gasu sosai irin yadda muke so, sannan na je lokar da muke ajiye kayanmu na buɗe jakata, na ɗebo yajin ƙulin da Umma ke daka min ina ci da abincin rana, na zuba a ɗan ƙaramin kwano na ajiye a gefenta.

Jama'a ku ga yadda matar nan ta ci. Ta ce yanzu aka zo wurin, tana ci tana sa min albarka da Larabci. Ni kuma daɗi ya ɗebe ni, bakina ya riga hankalina, na ce a ci lafiya Hajiya, da Hausa. Ta ajiye cokali ta ce au, ashe tamu ce, ke 'yar gidan wa ce? Kun dai san mu, ba a wuce wannan tambayar. Kafin in san abin da zan ce Auta ta miƙe wai za ta wanke hannu. Ba a yi minti uku ba aka ce manaja na kirana, aka tura wata ta ƙarasa musu gashin.

Manaja ya ce wata daga teburin ta zo ta ce na fito da wani gari daga jakata na ba surukarta, ba su san ko mene ne ba, tana tsoron lafiyar tsohuwa, a canza musu ma'aikaciya. Ya buɗe kamara ga ni nan ina ɗiba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san dokar, ba a kawo abin ci daga waje a sa a teburin kwastoma, in 'yan baladiyya masu duba tsafta suka ji za su iya rufe wurin. Laifina ne, na yarda. Amma wani gari? Yajin da aka yaye Auta da shi, wanda har cikin kayan aurenta sai da Umma ta sa mata kwalba guda? Manajan ya dakatar da ni, ya ce saboda shekara uku ba a taɓa kawo ƙarata ba, in wadda ta yi ƙorafin ko ita tsohuwar ta zo ta sa hannu an janye, gargaɗi kawai zai rubuta min, in ba haka ba ranar Alhamis takardar za ta wuce wurin mai gidan abincin, kuma ya san abin da zai biyo baya.

Na kira Auta. Da farko kuka ta sa min, wai ruɗewa ta yi, ta ga asirinta zai tonu, so take kawai a ɗauke ni daga teburin, ba ta san abin zai kai haka ba. Na ce to ya wuce, zo ki sa hannu. Nan fa murya ta canza. Wai da lambar wayar mijinta aka kama teburin, in ta janye ƙarar, saƙo zai je masa, zai tambaye ta dalili. Wai ma wa ya aike ni, me ya sa ban yi aikina na yi shiru ba, kullum ni ce mai neman a ce na iya. Na faɗa mata maganganu ni ma, ba zan ɓoye ba, na ce aikin da take jin kunya shi ya kai ta ɗakin da take taƙama da shi. Sai cewa ta yi in kwantar da hankalina, in an kore ni za ta sa mijinta ya samo min aikin ofis. Kun ji fa, ni zan rasa aikina don ƙaryarta ta zama gaskiya.

Umma ba ta san komai ba, tana da hawan jini. Kullum sai in shirya kamar zan tafi aiki, in je Harami in zauna har lokacin tashi ya yi in dawo. Jiya da na dawo na tarar da ita cikin murna, wai Hajiya ta kira ta gayyace mu cin abincin rana gobe Laraba, ni da ita. Ko awa ba a yi ba sai ga voice note daga Auta. Na buɗe da sauri, wallahi na ɗauka haƙuri za ta ba ni. Cewa ta yi Yaya ki ce wa Umma ba ki da lafiya, kar ki zo, Hajiya tana ta labarin yarinyar mai yaji, kuma ba ta manta murya. Sau uku na saurara ko zan ji kalmar yi haƙuri a ciki, babu.

Yanzu ga inda nake. Na san in na je gobe na gaida Hajiya za ta gane ni, kuma matar nan da kanta za ta je ta sa hannun, aikina ya tsira. Amma a ranar za ta san surukarta ta yi mata ƙarya, ta kuma san wadda ta kai ƙarar, aure ko shekara bai rufa ba. In na zauna a gida kuwa jibi ba ni da aiki, kuma sai na ƙirƙiro wa Umma wata ƙaryar a kan ta Auta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zuciyata, don in na faɗa muku gaskiya yanzu ba aikin ne a gabana ba, so nake in ga fuskar Auta lokacin da zan durƙusa in ce ina wuni Hajiya. Ni na goya yarinyar nan, ban taɓa zaton zan so in ga ta ji kunya ba. Don girman Allah ku faɗa min kafin gobe, in je ko kar in je?