Kada Ka Tsaya a Tsarnawa

Birnin Ƙonni, Lahadi da hantsi

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasar zuciyata. Zuwa ga Baban Badi'a, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakina amma bai taɓa barin ƙirjina ba. Assalamu alaikum, gaisuwa mai yawa da ɗokin ganinka.

Na ba Iliyasu direba wagga takarda, ya ce gobe zai iske ka a Gaya inda kake jiran takardun duwan, 'yan kwastan na bakin iyaka. Da na so, da na je gidan waya na kira ka, amma ka san mai gidan wayar nan, kunnensa ya fi na zomo tsawo, kuma abin da ke raina ba na kunnen kasuwa ba ne. Ya masoyina, yaushe rabon da in ji ƙarar ƙofar zaure in san kai ne tun kafin ka yi sallama? Duk babbar motar da ta yi nishi a kan kwalta sai in saki muciya in kasa kunne. In ta wuce, sai tuwon ya fita raina. Gidan nan ba tare da kai ba kamar rijiyar da aka ɗauke wa guga yake: ruwa na nan, amma ba mai sha.

Gida lafiya lau, alhamdu lillahi. An kawo geronmu daga gonar Alela, ya fi na bara kyau, waken ne kawai tsutsa ta taɓa. Jar akuyarka ta haifi biyu. Badi'a ta shiga aji na gaba a lakwal, mushensu, malamin ajin, ya yaba rubutunta. Isma'il kuwa na kama shi a gidan kallon ƙwallo lokacin da 'yan ajinsu ke bitar jarrabawa. Na ja kunnensa tun daga can har zaure, a gaban abokansa, kuma ban yi nadama ba. Yaron da uwarsa ta ji kunyar tsawata masa a titi, wata rana jandarma zai tsawata masa a buro. In ka dawo kada ka yi masa wannan dariyar taka da ke rushe mini tarbiyya.

Ga babban labari, ka riƙe zuciyarka da kyau. Jiya Asabar da safe ɗiyarmu Bushira ta sauka lafiya a ɗakinta a Badaguishiri. Mace ce! Sun ce doguwa ce mai yawan gashi, da hancinka sak, Allah Ya sa kada ta ɗauko har da sanyin halinka. Suna ranar Asabar mai zuwa. Mijinta Abdulwahab, Allah Ya yi wa yaron nan albarka, ya aiko a gaya mini zai sa mata sunan Inna. Sunan mahaifiyata, Baban Badi'a! Da na ji, sai da na zauna a bakin murhu na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Saboda haka tafiya ta same mu, mu da yara, a cikin Fijonmu, kai a kan sitiyari. Na sa mai gyara ya sake mata mai, ya canza tayar baya. Na tanadi buhun gero, atamfofi, sabulu da kayan jinjira. Amma kafin in gaya maka yadda na tsara zaman motar, bari in tuna maka wani abu.

Ka tuna lokacin da nake 'yar koleji a Tawa, kai kuma kana saurayin direba da ƙyar gemu ya fito maka? Duk ranar hutu kana hana kowa gidan gaba. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa zaginka a tasha don ka ce masa wurin da mai shi, kuma mai shi ɗin ni ce, da jakar littattafaina a cinya. Ranar nan hadari ya tare mu kafin gangaren Badaguishiri, abin share gilashi ya mutu, ka ɗaura masa igiya ka miƙo mini bakinta. Ina ja kana ja, ruwa yana shigowa ta taga yana jiƙa mu, kana dariya kamar an ba ka sarauta. Da ruwan ya tsagaita, fadama ta buɗe a gabanmu shar da ita, ka tsaya ka saya mini gwaiba, ka ce muddin kana da mota ƙafata ba za ta san zafin kwalta ba. Na yarda da kai ranar, ya zumar rayuwata. Na bar karatu na bi ka, ban taɓa waiwaye ba. Ina wannan saurayin ya shiga? Wa ya ɓoye mini shi?

Don kuwa ƙafata ta san zafin kwalta, kuma ka san ranar. Bazarar bara waccan ce, kana Kwatano da lodin albasa, yayanka Tanimun ne ke jan Fijonmu yana haya da ita. Saƙo ya zo da safe cewa jikin Inna ya yi tsanani, tana kiran sunana. Na ɗauki Badi'a na shiga motar mijina, ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Da muka kai mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da ta Malbaza, sai ga matarsa Hindu da 'yan uwanta tsaye da akwatuna, za su kai kayan aure. Wuri bai isa ba. Yaya Tanimun ya buɗe ƙofar gefena da hannunsa, ya ce in sauka. Har yau ina jin muryarsa: «Haba Suwaiba, ke matar direba ce, wa zai wuce ki? Duk wanda ya gan ki zai tsaya.»

Na san al'adarku ce, ku mutanen tasha. Matar direba ba a karɓar kuɗin motarta, kowane direba ɗan uwan mijinta ne, don haka in wuri ya ƙure ita ake fara saukewa. Na gaya masa Inna ce ba lafiya. Ya ce ai tsofaffi kullum ba su da lafiya. Hindu ta gyara zamanta a kujerata, ta miƙo mini ledar ruwa ta taga kamar mai ba mabaraci sadaka.

Ba wanda ya tsaya. Jajibirin kasuwa ne, kowace mota cike take har saman rufi. Abokanka da suka ci tuwona ba adadi suna wucewa suna ɗaga mini hannu, suna nuna babu wuri. Rana ta hau, kwalta ta yi laushi, takalmin Badi'a yana mannewa tana kuka. Sai bayan azahar wata motar siminti ta ɗauke mu a baya, a kan buhuna. Na shiga unguwarmu a Badaguishiri fari fat kamar an tono ni, na ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta da makara a kafaɗa, babu kowa a cikinta. Ƙanwata ta ce Inna ta yi ta kallon ƙofa har la'asar ta kusa. Ban rufe mata ido ba, ban zuba mata ruwan wanka ba, ko fuskarta ban gani ba.

Kai kuma, ya abin ƙaunata, ya tauraron da nake bi in hanya ta ɓace, me ka yi da ka dawo? Ka karɓe makullin motar, ka ce ta gaji da haya. Shi ke nan. Ka zauna a gefen gado ka ce in yi haƙuri, yayanka ne, ƙaddara ce, ko da na isa da wuri kwananta ya ƙare. Na san kwananta ya ƙare, ba sai direba ya koya mini tauhidi ba! Da sallah ta zo ka tafi Malbaza ka ci naman layyarsa. Shi kuwa har yau bai tako gidan nan ya ce mini ya yi kuskure ba. A wajen wani biki ma na ji yana ba da labarin ana dariya, wai matar ƙanensa ta je gida a kan siminti. Wukar da ya soka mini ban ji ta kamar shirunka ba, domin shi ban taɓa son sa ba, kai kuwa ko ƙurar takalminka ina so.

To ga tsarin tafiya. Za mu tashi ranar Asabar ɗin da kanta, da an sallame sallar asuba, don mu isa daidai lokacin raɗin suna. Ni a gaba, kusa da kai. Isma'il da Badi'a a can baya tare da kayan jinjira. Gero a saman rufi. Kujerar tsakiya kuwa ba wanda zai zauna a kanta, ko ƙullin goro ba za a aza mata ba. Na sa an wanke ta.

Na riga na aika wa Hindu atamfar anko, mai tsadar, da saƙon cewa su fito daga Malbaza su jira mu a Tsarnawa da sassafe, ita da Yaya, mun tanadar musu wuri. Ta aiko da godiya, har ta kai ɗinki. In mun iso mararrabar za ka gan su a bakin hanya, shi da babbar riga, ita da sabon ɗauri. Ka rage gudu. Ka rage sosai, yadda za su ɗauki jakunkunansu su matso, yadda za su leƙa su ga kujerar nan babu kowa. Ni zan sauke gilashi in gaishe shi da ladabi, yadda iyayena suka koya mini, in tambaye shi gajiya, sannan in tuna masa cewa shi ma direba ne, wa zai wuce shi? Daga nan ka taka mai. Kada ka tsaya, Baban Badi'a. Kada ƙafarka ta kusanci birki.

A wannan lokacin motocin Tawa ba su fara cika ba balle su tashi. Kafin su samu abin hawa an shafa fatiha, an yanka rago, maroƙi ya shelanta sunan Inna, mutane sun watse. Mutumin da ya hana ni ganin tafiyarta ba zai zauna a tabarma yana tauna goro ranar da sunanta ya dawo duniya ba. Ka san abin da wannan ya ci mini? Da tun jiya ina can ina dafa wa ɗiyata ruwan wankan jego, ina ɗauke da jikata. Na bar wa ƙanwata, na zauna a nan ina ƙuna, don in na riga ku tafiya na san zuciyarka, za ka buɗe musu ƙofa.

Na ji abin da za ka ce tun kafin ka faɗa. Za ka ce zumunci, za ka ce yafiya ta fi. Ni ma na zauna gaban malamai. Da ya zo ya sunkuyar da kai, ko da kalma ɗaya, na rantse da na yafe masa tun bara. Amma yafe wa mai dariya koya masa ne ya sake. Kuma 'ya'yanmu suna kallo. Me kake so Isma'il ya koya, cewa ana sauke mace a titi in dangi sun zo? Me kake so Badi'a ta sa rai da shi a gidan miji? Ban ce ka zage shi ba, ban ce ka daina gaishe shi ba. Safiya ɗaya nake nema, ya tsaya inda na tsaya, ya ga bayan motar nan tana ƙanƙancewa a kan hanya yadda na gan ta.

Ya ruwan randata mai sanyi, ya giginyar da nake jingina da ita, ban taɓa roƙonka zinariya ba, ban taɓa ce maka ka bar hanya ka zauna a gida ba, ko da yake kowace tafiyarka tana tafiya da rabin numfashina. Wannan kaɗai nake roƙo. Ka dawo kafin Juma'a, zan yi maka dambun zogale da kake so, in wanke maka farar shaddarka.

Amma ka ji ni da kyau, don ba na faɗin abin da ba zan yi ba. In ka tsayar da motar nan a Tsarnawa ka buɗe musu ƙofa, ni zan buɗe tawa in sauka da ƙafafuna, ba wanda zai kore ni wannan karon. Ka ɗauke su ku tafi, ka shiga ɗakin Bushira ka gaya mata da bakinka inda ka bar uwarta. Zan koma gida in share ɗakinka, in dafa maka abinci, in yi maka addu'a duk tafiya kamar yadda na saba, don ba ni da wani miji a duniya ko a lahira sai kai. Sai dai ba zan sake zama a gefenka a cikin mota ba har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Allah Ya tsare mini kai daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya kawo mini kai da zuciyar da ta san nata.

Taka ce tun daga gidan gaba har kabari, ko ka tsaya ko ka wuce,

Suwaiba