Ni Na Juya Wayar Tanki, Direba Aka Kora

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni mai gyaran wayar mota ne a Jega. Yayan matata, Alhaji, yana da babbar mota mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu. Ya ƙara mata tanki na biyu, ya ce in saka mata bawul ɗin da direba zai danna makunni daga mazauninsa mota ta koma shan ɗaya tankin. Ban taɓa wanga aiki ba, amma na ji kunyar faɗa masa, don shi ya sama mini rumfar da nake ciki. Na haɗa, mota ta tashi, kowa ya yaba.

Direbanta Malam Isa ne, dattijo, tun ban yi aure ba yake tuƙa wa Alhaji. Tafiyar farko mai ya ƙare masa da wuri, aka yi shiru. Ta biyu a hanyar dawowa mota ta mace masa a Maiyama, allura kuma tana nuna akwai mai. Alhaji ya ce sayar da mai yake yi, Malam Isa ya rantse bai taɓa ba, a gaban mutanen tasha aka karɓe makulli daga hannunsa.

Da aka kawo mini motar na shiga ƙarƙashinta, sai na ga kuskuren nawa ne. Wayoyin allura na juya su, tankin da ake sha daban, wanda take nunawa daban. Tiyon da ke mayar da ragowar mai shi ma a baibai yake, yana tura mai cikin tankin da ke cike, yana ambaliya bisa titi. Na gyara ban gaya wa kowa ba. Sabon direba ya je ya dawo lafiya, sai Alhaji ya ƙara tabbata cewa Malam Isa ɓarawo ne.

Yanzu ba mai ba shi mota daga Jega har Aliero. Jiya ya zo rumfata ya zauna, ya ce, "Ɗana, kai ka san cikin motar nan, ko ka ga wani abu?" Na ce ban gani ba. Ya yi mini godiya ya tafi.

In na faɗi gaskiya, Alhaji ba ya yafe a kunyata shi, rumfa za ta tafi, matata kuma tana tsakiya. In na yi shiru, dattijon nan zai tsufa da sunan da ni na jawo masa. Sahu ɗaya muke sallah, na kasa haɗa ido da shi.

Wa zan fara tunkara, Alhaji ko Malam Isa? Kuma da wane baki, bayan jiya na ce masa ban gani ba?