Ƙarshen Fim Ɗin Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki da kyau, tare da maigidanki da 'yan biyu. Yaya tarin ƙaramar, ya lafa? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da ta ƙi jin magani.

Sau huɗu na kira ki tun jiya ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma wa takarda, zan bar ta wajen maigadin ofishinku. Na san abin da na faɗa a rediyo kan fim ɗinki ne ya ɓata miki rai. To Auta, shekara goma sha ɗaya ina shirin nan na sharhin finafinai ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ke da kanki kika laƙaba mini Alƙali. Da na yabi naki don muna ciki ɗaya, da wane ido zan kalli waɗanda na yi wa kaca-kaca?

Tun ranar da kika ce za ki sake yin fim ɗin marigayi Baba na gaya miki ra'ayina a falon Mama. Na ce ki koma wa littafin da ya ɗauko labarin, akwai babi uku kan ƙuruciyar telar nan, jarumar fim ɗin, da bai taɓa ba, ki gina naki a kansu. Kwanan nan na kalli na wata matashiya da ta ɗauki wani tsohon littafin masunta ta mayar da labarin bakin matar masuncin da ke ciki. Sautinsa ba daɗi, haskensa ma sai a hankali, amma nata ne, kuma na fito ina tunaninsa. Ke kuwa kin bi sawun Baba taku bayan taku. Keken ɗinkin telar a gindin taga, mijinta mai gyaran agogo da gilashinsa a ido ɗaya, har bencin tasha inda telar ta zauna kafin ta hau jirgin ƙasa ta bar shi. Allo na yin duhu na tashi na fita, kin san ba na tsayawa karatun sunaye da turereniyar bakin ƙofa. Shi ya sa na ce ba ki ƙara wa aikin Baba ko numfashi ɗaya ba, kuma har yanzu ina kan bakana.

Ki huce ki kira ni. Ki shafa mini kan yara.

Yayanki,
Alƙali


Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yau kwana goma sha biyu ban ji muryarki ba. Maigadi ya rantse ya ba ki takardata hannu da hannu.

Na ji an ɗauke fim ɗinki daga babban zaure an mayar da shi ƙaramin na baya, kallo ɗaya a rana. Manajan silimar ya ce mini tun bayan shirina mutane suka ja baya, wai me za su je gani tunda tsohon yana gidan kowa. Ya faɗa yana dariya kamar yabona yake yi. Ban ji daɗi ba, gaskiya. Ban taɓa zaton maganata tana da nauyin haka ba.

Abin da ya fi damuna Mama ce. Na je gidan ranar Lahadi na tarar da rediyonta, wadda ba ta rabuwa da ita, an naɗe wayarta an ɗora a kan kwaba. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi gwiwa, ta zuba mini abinci, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Da zan tafi ta tambaye ni ko na tabbata na kalli fim ɗin. Na ce ni da na haddace shi tun ina ɗan shekara bakwai. Sai ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta koma ɗaki.

Na san ita ta fito a telar a na Baba, ƙila tana ganin har ita na taɓa. Ki gaya mata ba haka ba ne. Kullum ina faɗa a rediyo cewa babu ƙarshen fim da ya kai nasu kyau, mace ta hau jirgi ba ta waiwayo ba, aka bar mu da benci babu kowa. Wasu masu sauraro kuma sun dame ni da saƙonni wai ban ce komai kan tsohuwar ba. Wace tsohuwa kuma? Mutane sai su riƙa haɗa finafinai biyu a kansu.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Yayanki,
Alƙali


Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata. Allah ya sa yara suna lafiya.

Jiya da azahar na koma silima. Ba don na yi shakkar kaina ba, na je ne in samo abin da zan kare kaina da shi wajen Mama. Mu tara ne a zauren, na ƙirga. Jirgi ya tashi, allo ya yi duhu, har na dafa kujera zan miƙe, sai gwiwar nan ta riƙe ni. Ina cikin murza ta haske ya dawo.

Benci ne dai, amma fentinsa ya kokkoɗe. Jirgi ya tsaya, wata tsohuwa ta sauko da jaka ɗaya, tana taka matakala a hankali, ƙafar hagu tukuna. Tun kafin ta juyo na gane takun. Auta, Mama ce. Na zauna baki buɗe ina kallon uwata tana ratsa kasuwa har shagon agogo, ta tarar da shi a rufe, maƙwabci ya miƙa mata mabuɗi. Ta shiga ta riƙa ɗaukar agogunan da suka tsaya tana murza su tana tayar da su ɗaya bayan ɗaya, har shagon ya cika da ƙararsu. Minti ashirin cur. Matar da ke gabana tana ta share hawaye da bakin mayafi, ni kuwa ko sharewar ban iya ba. Karon farko a aikina na zauna har sunaye suka ƙare.

Daga can gidan Mama na wuce. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta buɗe akwatin Baba ta ɗauko mini shafi shida na rubutun hannunsa da fensir. Ashe dawowar telar yana cikin tsarinsa tun farko. Cikinki da Mama ke ɗauke da shi ne ya fito kafin su kai wurin, rigar fim ta daina shiga, suka dakata sai ta haihu, daga nan kuma ba a sake haɗuwa ba. Kin tuna yadda yake tsokanarki wai ke kika cinye masa ƙarshen fim? Ni duk zatona wani kaset kika tauna kina rarrafe. Shekara da shekaru ina koya wa mutane hikimar bencin da babu kowa, alhali jiranki ake yi ki iso duniya.

Mama ta ce ita ta hana ki gaya mini, tana so in gan ta kwatsam. Wata biyu tana zuwa wajen ɗauka da ciwon bayanta. Ranar shirina ta yi wanka ta sa sabon zane, ta kira maƙwabta biyu, suka zauna gaban rediyo su ji abin da ɗanta zai ce. Abin da suka ji shi ne ba a ƙara ko numfashi ɗaya ba. Na rasa inda zan sa kaina don kunya, kuma har yanzu ban samu ba.

Ranar Asabar zan buɗe shirin da faɗin cewa na yanke wa fim hukunci ban kalli ƙarshensa ba, kuma ba shi ne na farko da na fita na bari ba. Shugaban tasharmu ya ce in na faɗi haka ƙila shirin ya zama na ƙarshe. Na ce na ji. Na san ba zai dawo miki da komai ba, don manaja ya ce ranar Alhamis za a sauke fim ɗin gaba ɗaya, kwana biyu kafin in yi magana.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Na sayi tikiti uku na kallon ƙarshe ranar Alhamis, naki yana cikin ambulan ɗin nan. Mama ta ce za ta zo in kin zo. In ba ku zo ba ma zan shiga, kuma ba zan tashi ba sai mai shara ya ce in ɗaga ƙafa.

Ki gaida maigidanki, ki sumbaci yara.

Yayanki